Reza a Cikin Littafin Aro

Sallama gare ku, ku da kuke bin labarina a wannan shafi. Kwana tara ban rubuta komai ba, kuma na ga saƙonninku, masu tambayar ko lafiya da masu tsokanar wai an sa rana ne na ɓuya. Ba a sa komai ba. Zuciyata ce ke tashi tun ranar Laraba, irin tashin da take yi idan ka tsinci gashi a miya bayan ka cinye rabin kwano.

Ga wanda yau ya fara haɗuwa da ni, sunana Haulatu. A Zongon Lome aka haife ni, kakana ne ya zo daga Katsina da fatauci bai koma ba. Ina shekara ta biyu a wata kwalejin koyon jinya da ba zan faɗi sunanta ba. Babana malami ne, shi ke jan salla a masallacin layinmu. Abdulkuddus kuwa shi ne ya fito neman aurena wata biyar da suka wuce, yana tsaron shagon atamfar mahaifinsa a kasuwar Asigame. Gara in faɗa tun yanzu, ba wanda ya tilasta mini shi. Ni na ga dogon saurayi mai farce a yanke, shadda a guge, ƙamshin turaren itace na riga shi shiga zaure, na ce na ji na gani.

Ɗakin karatun kwalejinmu, wanda muke kira bibli, ɗaki ɗaya ne dogo a hawa na biyu. Fanka huɗu ne, biyu ke juyawa. Akwai kwamfuta shida da sai ka rubuta suna tun safe kafin ka samu awa ɗaya a kai, da injin fotokofi da kwanakin lalacewarsa suka fi na aikinsa. Mai kula da wurin Mesye Tchakoura ne, wani gajeren dattijo ɗan ƙabilar Kotokoli daga garin Sokode, wanda ke ɗaure tabaransa da zare a wuya. Da kowa Faransanci yake yi, ni kuwa Hausa, kuma tun shekarar farko 'yar Malam yake kirana. Sau da yawa idan lokacina a kwamfuta ya ƙare ban gama ba, sai ya yi kamar bai ga agogo ba.

Littafin da kowa ke rububi a wurin shi ne atlas, babban littafin zanen jikin ɗan Adam mai launi, mai nauyi kamar jariri. Kwafi ɗaya tak muke da shi, mu saba'in. Ba a fita da shi sai Juma'a da yamma, a dawo da shi Litinin kafin ƙarfe takwas, kuma sai layi ya zo kanka a takardar da ke manne a ƙofa. Mako bakwai na yi ina jira. Ranar da Mesye Tchakoura ya buga hatimi a katina ya miƙo mini shi, saura kwana goma sha bakwai jarrabawa, rungume shi na yi a kan zemijan, wato acaɓan garinmu, tun daga kwaleji har Zongo, ina kare shi da hijabina kada yayyafi ya taɓa shi.

Ranar Asabar bayan la'asar Abdulkuddus ya zo zance. Na fito da doguwar riga ta atamfa ruwan ganye, wadda shi ya ba ni yadin, da ƙaramin mayafi ruwan ƙasa. Inna ta aiko da zoɓo mai sanyi da soyayyen wagashi, cukun nan na nono, a faranti. Littafin na hannuna, don ban so in rasa ko awa ɗaya a cikin kwana biyun nan. Ya karɓa yana dariya, wai bari ya ga abin da ya raba shi da hankalina. Ya yi ta buɗawa yana tambayar sunan ƙashi kaza da jijiya kaza, ina ba shi amsa ina jin daɗi. Can sai ya tsaya a wani shafi. Na ga murmushin ya sauka daga fuskarsa.

"Wannan ma ana koya muku?"

"Ciwo ai ba ya zaɓen inda zai kama mutum," na ce. "Duk sai mun sani."

Ya rufe littafin a hankali, ya sha zoɓo, ya koma hirar wata sabuwar atamfa da ta shigo kasuwa. Da zai tafi sai ya ce yana da aboki a unguwar Nyekonakpoe mai injin fotokofi mai launi, in ba shi littafin ya ciro mini duk babin da za a yi jarrabawa a kai, in huta da jiran layi har in gama makaranta. A bayan katin aro an rubuta da jan tawada cewa ba a ba wani littafin da aka ara. Na san da rubutun, na sha karanta shi ina jiran layi. Amma na dubi mutumin da ke tunanin karatuna har haka, na ji wani sanyi a raina, na miƙa masa.

Litinin da sassafe ya kawo mini shi ƙofar kwaleji a kan mashin ɗinsa, a naɗe cikin takardar shago an ɗaure da ƙyallen atamfa. Ya ce tawadar injin ta ƙare, kwafin sai wani mako. Na haura sama da gudu. Al'adar Mesye Tchakoura ce duk littafin da aka dawo da shi sai ya lashi yatsa ya bi shafukan. Ranar nan layi ya yi tsawo, ga takwas ta kusa, sai ya dube ni ta saman tabarau ya ce na 'yar Malam ba sai an duba ba. Ya buga hatimin cewa an dawo da shi lafiya. Na yi masa godiya na wuce aji.

Ranar Laraba malamarmu ta aika a kawo atlas ɗin don ta nuna mana wani zane. Ta buɗe a gaban aji, ta juya gaba, ta juya baya, sannan ta ɗaga shi sama muka ga gibin. Kafin azahar an kira mu biyu zuwa bibli, ni da Akossiwa, wadda ta are shi makon da ya gabaci nawa.

Mesye Tchakoura ya shimfiɗa littafin a kan teburinsa. Da reza aka yi aikin, an bi gindin kowane shafi a miƙe, aiki na mai haƙuri wanda ya saba yankan yadi. Na sunkuya don in gani da kyau, sai ƙamshin turaren nan ya taso daga tsakiyar littafin ya daki hancina. Turaren da na sha shinshinawa a mayafina bayan Abdulkuddus ya tafi.

Dattijon ya yi mana bayani da murya ƙasa ƙasa. Shugabar kwaleji ta ce kowaccenmu ta rubuto abin da ta sani kafin Litinin. An karɓe katunanmu, an kuma dakatar da fita da duk manyan littattafai, wato saboda abin nan ajinmu duka zai shiga jarrabawa ba mai kai littafi gida. Shi kansa an ba shi takardar tuhuma, tunda hatiminsa ne ya ce littafin ya dawo lafiya har sau biyu, ga shi saura shekara biyu ya yi ritaya. Akossiwa 'yar unguwar Be ce, mahaifiyarta na sayar da busasshen kifi, cocinsu ke ɗaukar nauyin karatunta, kuma tabo ɗaya a takardarta ya isa a janye. Ta fashe da kuka tana rantsuwa da yaren Mina tana komawa Faransanci.

Ni kuwa, 'yan uwa, shiru na yi. Na san ƙamshin, na san hannun, na tsaya kusa da yarinyar nan tana kuka ban buɗe baki ba. Ku rubuta mini duk abin da kuka ga dama a ƙasa, ba zai kai wanda na faɗa wa kaina ba.

Ina sauka daga bene na ciro waya. Saƙon Abdulkuddus na jira tun safe, har da hoton fure da kalmar soyayyar nan tasa ta Faransanci.

"Sheri, kin ci abinci?"

"Me ka yi wa littafin nan?" na rubuta.

Ya yi ta rubutu yana gogewa, ina ganin alamar tana tashi tana ɓacewa. Sannan amsa ta shigo.

"Na tsarkake miki shi ne. Matata ba za ta zauna tana kallon tsiraicin maza ba, ko a takarda."

Daga nan saƙonnin murya suka fara zubowa, guda bakwai, ɗaya har minti huɗu. Ban taɓa jin muryarsa da daɗi a bakinsa kamar ranar ba. Wai ya kwana biyu yana tunanin lahirata, wai ya ƙone shafukan a bayan shago da hannunsa, wai wata rana zan gode masa. Da na gaya masa abin da ya faɗa kan Mesye Tchakoura da Akossiwa da ajinmu duka, sai ya aiko da alamar dariya, ya biyo da wannan:

"Ki ce haka kika karɓe shi. Yarinyar Be ɗin ce ta riga ki. Wa zai yarda da ita ya bar 'yar limami?"

Na karanta sau uku a tsaye a bakin titi, masu zemijan na yi mini oda. Da na isa gida rigar nan ruwan ganye na fara cirowa daga ƙugiya, na cusa ta ƙasan akwati. Ko taɓa ta da na yi sai da na wanke hannu.

Na sami Inna a tsakar gida tana tsince shinkafa, Gwaggo Zuhura na gefenta tana fifita da mafici. Gwaggo ƙanwar Baba ce, rumfarta na jikin shagon su Abdulkuddus a Asigame, kuma ita ta haɗa mu. Na zauna na faɗa musu komai, ina zaton za a tafa hannu a yi salati. Gwaggo dariya ta yi har ɗankwalinta ya zame. Ta ce wannan ai kishi ne, kuma namijin da bai yi kishinki tun a waje ba ba zai riƙe ki a ciki ba. Ta ce mata nawa ne a Zongon nan ke roƙon Allah ya ba su mai sonsu har ya yi musu ɓarna. Ta ce takarda ce fa, ba yatsan mutum aka yanke ba.

Inna ba ta yi dariya ba, amma ba ta ɗago kai daga faifan ba. Ta tuna mini cewa goro da alewar gaisuwa an riga an raba su gida gida har layin mahauta, kuma mutanen da suka ci za su so jin dalili. Ta ce in yi haƙuri, kada maganar ta kai kunnen Baba. Gwaggo ta matso ta fara tsara mini abin da zan rubuta, jimla bayan jimla, har da inda zan ce na lura littafin ya yi sauƙi a hannu tun ranar da na karɓa amma kunya ta hana ni magana. Na dubi bakinta da jan goro a leɓe yana ƙera ƙarya a kan yarinyar da ba ta taɓa gani ba, na tashi na ce zan yi alwala.

Ranar Alhamis abin da na tarar a kwaleji ya fi na gida muni. Ba wanda ya zarge ni. Ko ɗaya. 'Yan ajinmu na zuwa suna dafa kafaɗata, wai sannu, an jawo mini. Akossiwa kuwa ita kaɗai ce a bencinta, mutum biyu da suka saba zama da ita sun koma baya. Na ji wata na cewa dama 'yan Be hannunsu ba ya zama wuri ɗaya. Hijabina ya wanke ni ba tare da na ce uffan ba, daidai yadda Abdulkuddus ya lissafa.

Bayan darasi na haura bibli na zauna a teburin ƙarshe kusa da taga, inda fanka ba ta kaiwa. Sau biyu ina farawa ina yagewa, don kowane karo sai in ga alƙalamina na neman hanyar da zan fita ba tare da sunansa ya fito ba. A na uku na rubuta yadda abin ya faru. Na karya dokar aro, na ba wani littafin, ga sunansa, ga ranar, ga saƙon da ya amsa da kansa. Akossiwa ta dawo da shi lafiya, Mesye Tchakoura kuma yarda da ni ce ta hana shi dubawa. Na sa hannu na kai masa.

Ya karanta a tsaye, ya cire tabarau ya bar shi yana lilo a ƙirjinsa. Bai yi faɗa ba, da ma ya yi. Ya ce shekara ashirin da shida yana wannan aiki, mutum huɗu kawai ya taɓa karɓar littafi daga hannunsu bai duba ba. Daga nan bai ƙara kirana 'yar Malam ba, Madmozel ya koma ce mini kamar kowace ɗaliba. Ya ce akwai mai ɗinkin littattafai a Be da zai iya maida shafukan in an same su, kuma in sun dawo wataƙila shugaba ta sassauta. Na ce an ƙone su. Duk da haka ya yagi 'yar takarda ya rubuta lambobin shafukan da suka ɓata ya ba ni. Na ninke na jefa a jaka ban duba ba.

Na sami Akossiwa a matakala na ba ta haƙuri. Ta saurare ni har na gama, idonta a bushe.

"Yini ɗaya da rabi kika bar ni a ciki, Haulatu," ta ce, ta ɗauki jakarta ta sauka.

Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci na shiga wurin Baba da kaina. Yana zaune a kan buzu yana cin abinci, na durƙusa daga bakin ƙofa na faɗa masa tun daga farko. Tambaya biyu ya yi mini: littafin na wane ne, kuma an ba ni izinin in ba wani? Da na amsa sai ya ce to laifin farko nawa ne, amana aka ba ni na yi kyauta da ita, in riƙe wannan kafin in riƙe na kowa. Sannan ya sa aka kira Gwaggo, ya ce ta gaya wa yaron nan yana son ganinsa gobe bayan la'asar. Gwaggo ta fito tana hararata kamar na zubar mata da miya.

Yau Asabar Abdulkuddus ya zo. Farar shadda, hula zanna, carbi a hannun dama. A hannun hagu kuwa wata ambulan ce ruwan ƙasa. Mutumin da ya ce ya ƙone shafukan da hannunsa.

Aka shimfiɗa tabarma a zaure. Baba a kan buzunsa, Gwaggo a gefe da maficinta, ni a bakin ƙofar shiga gida. Abdulkuddus ya gaishe da Baba har ƙasa, sannan ya fara. Ya ce ya ajiye su ne musamman don Malam ya gani da idonsa irin abin da ake nuna wa 'yarsa da sunan karatu. Ya kawo maganar kunya, ya kawo maganar zamani, ya ce shi dai ya ga abin ƙi ya gusar da hannunsa. Yana magana yana satar kallona, yana jiran a yaba masa. Gwaggo sai gyaɗa kai take. Ya miƙa wa Baba ambulan da hannu biyu.

Baba bai karɓa ba. Ya ce shi ba likita ba ne, ba abin da zai gane a ciki. Ya juyo ya tambaye ni ko ina da hanyar sanin sun cika. Sai a lokacin na tuna da 'yar takardar Mesye Tchakoura. Na shiga na ɗauko, na dawo na zauna na juya musu baya kaɗan, na fara haɗa lamba da lamba.

Warƙa goma sha huɗu ne a ambulan, kowace shafi biyu gaba da baya, duk babin jikin namiji, ba wanda ya ɓace. Takardar kuwa ashirin da uku ta ce. Na sake bi daga farko, na girgiza ambulan, na leƙa ciki. Sannan na dubi lambobin da suka rage, daga ɗari huɗu da biyu zuwa ɗari huɗu da goma sha tara. Na san babin, don yana cikin jarrabawarmu.

"Sun cika?" in ji Baba.

"Saura tara, Baba."

"Na mene ne?"

Ban taɓa zaton zan faɗi irin wannan kalma a gaban mahaifina ba. Na dubi tabarma.

"Babin jikin mace ne."

Maficin Gwaggo ya tsaya. Daga waje ana jin mai sayar da ruwan sanyi na wucewa, da ƙarar mashin a kan kwalbati. Abdulkuddus ya gyara zaman hularsa, ya ce wataƙila sun zame ne a shago lokacin da yake tattarawa, ko iska ta ɗauke, shi dai bai lura ba. Gumi ya tsattsafo a saman leɓensa. Carbin da yake ja tun da ya shigo ya dunƙule shi a tafin hannu.

Baba ya dube shi na ɗan lokaci, ba fushi a fuskarsa.

"Na farkon ka ce idon Haulatu ka kare. Waɗannan taran kuma idon wa ka kare?"

Baba ya ce littafin na mutum saba'in ne, akwai dattijon da aikinsa ke rawa a kansa, saboda haka ya tashi yanzu ya je ya kawo su. Abdulkuddus ya ce gobe da safe in sha Allah zai aiko. Baba ya ce yanzu. Sannan ya juya wajen ƙanwarsa.

"Zuhura, bi shi. Ke kika kawo mana shi, ke za ki ga inda ya ajiye su."

Gwaggo ta miƙe. Ta ja mayafinta ta bi bayansa, ko sallama ba wanda ya yi a cikinsu. Baba ya tashi ya tafi masallaci, Inna na ɗaki ba ta fito ba. Ni na zauna a zauren da ambulan a gefena, na ɗaure ta a leda don ƙamshin, na fara rubuta muku wannan.

Ina daidai nan wayata ta yi ƙara, ana shirin kiran magariba. Gwaggo ce. Na ɗauka ina jiran faɗa, sai na ji hayaniyar 'yan kasuwa masu rufe shaguna a bayanta. Matar da ban taɓa jin magana ta ƙare mata ba ta yi numfashi sau biyu kafin ta iya cewa komai.

"Haulatu, na sa ya buɗe durowarsa ta shago a gabana. Ba warƙa tara ba ce kaɗai a ciki, akwai irinsu jibgi da ba na littafinku ba. Maza ki kai wa Babanki wayar."